Bargon da Aka Rufa wa Gawa

Jim kaɗan bayan ƙarfe 12 na dare, wayewar 13 ga Yuni, 1994, 'yan sandan birnin Los Anjelis na Amurka suka iske gawa biyu a ƙofar wani gida a unguwar Brentwood. Ɗaya ta Nicole Brown Simpson ce, tsohuwar matar shahararren ɗan wasa O.J. Simpson, ɗayar kuma ta abokinta Ronald Goldman. An daddaɓa musu wuƙa, jini ya malale a hanyar shiga gidan. Da gari ya waye 'yan jarida suka yi dafifi a titi da kyamarori masu hangen nesa, sai ɗaya daga cikin manyan masu binciken, Tom Lange, ya sa aka ɗauko bargo daga cikin gidan aka lulluɓe gawar matar.

Duk mai tausayi zai gane dalilinsa. Uwa ce kwance a fili, kuma 'ya'yanta biyu ƙanana suna barci a saman benen lokacin da aka kashe ta. Sai dai bargon na gidan ne, Simpson kuwa yana da 'ya'ya a gidan, suna zuwa wurinsa suna dawowa. Saboda haka duk silin gashi ko zaren tufafi da aka tsinta a wurin aka danganta da shi, lauyoyinsa sun samu bakin cewa bargon ne ya kawo shi. Sutura ce aka yi da kyakkyawar niyya, ta koma makami a hannun masu kare wanda ake tuhuma.

Akwai aikin da aka tanada musamman domin a samu mai hana ɗauko wannan bargo. A Birtaniya muƙami ne mai zaman kansa, manajan wurin da aka aikata laifi, kuma duk abin da ke cikin shinge a wuyansa yake. Sama da shi akwai babban jami'in bincike, yawanci ɗan sandan ciki mai muƙamin sufeto ko babban sufeto, wanda shari'ar gaba ɗaya ke hannunsa. Matashin da fina-finai suka cusa wa sha'awar wannan fanni yakan hango kansa gaban madubin ƙara girman abu yana warware sirri. In ya daɗe a aikin har ya zama shugaba, zai tarar cewa yawancin ranakunsa suna ƙarewa ne tsakanin ƙofa da rajista da ledar ajiye kayan shaida.

Tushen abin tsoho ne. A 1910 wani masani mai suna Edmond Locard ya buɗe ɗakin gwaje-gwajen 'yan sanda a saman ginin kotu a birnin Liyon na Faransa, ya koyar da cewa duk inda abu biyu suka haɗu, kowanne yakan bar wani abu a jikin ɗayan. Jama'a na jin wannan a matsayin albishir, wato mai laifi ba ya tafiya bai bar sawu ba. Wanda ya san aikin kuwa gargaɗi yake ji a ciki, domin ƙa'idar ba ta san kaki ba. Ɗan sandan da ya fara isowa yana barin sawu, likita yana bari, maƙwabcin da ya zo taimako yana bari, haka ma mai girma kwamishina da tawagarsa. Kafin a ankara sawun giwa ya taka na raƙumi.

Don haka abin da manaja ke fara yi shi ne rage ƙafafu. Ana kewaye wurin da shinge biyu, na waje domin jama'a da 'yan jarida, na ciki domin waɗanda aikinsu ya wajabta musu shiga. Ana zaɓar hanya guda ta zuwa ga gawa, wadda ake kyautata zaton mai laifin bai bi ta ba, a shimfiɗa mata farantan takawa don kada takalmi ya taɓa ƙasa. A bakin shinge akwai mai riƙe da rajista: sunanka, lokacin shigarka, dalilinka, lokacin fitarka. Mai shiga sai ya sa farar rigar da ke rufe jiki har kai, da takunkumi, da safar hannu da ake sauyawa daga abu zuwa abu. Sannan sai tsarin abin da zai riga wani. Hoto da bidiyo ne farko, kafin a motsa ko da tsinke. Abin da iska ko ruwan sama ko zafin rana za su ɓata shi ake gaggauta wa. A kan ƙofa ɗaya ana iya neman zanen yatsa da ƙwayoyin halitta, kuma hodar da ke fito da zanen tana iya dagula ɗaya shaidar, sai manaja ya yanke wanne za a fara nema. Babban jami'in bincike kuma yana da littafin da yake rubuta kowace shawara da dalilinta da lokacinta, har shawarar barin yin wani abu, saboda bayan shekara biyu wani lauya zai tsare shi a kotu ya tambaye shi me ya sa.

Duk wannan ana iya koyonsa a aji. Abin da aji ba ya bayarwa shi ne ƙarfin halin tsayar da wanda ya fi ka muƙami a bakin shinge. Ƙwararru sun gano cewa rajistar nan ita ce garkuwarsu. Ana miƙa wa babba alƙalami cikin ladabi, a tuna masa cewa duk wanda sunansa ya shiga, ana iya kiransa kotu ya ba da shaida, ana kuma iya neman samfurin yawunsa domin a ware sawunsa daga na mai laifi. Manya da yawa, da jin haka, sai su ga ashe daga nesa ma suna iya fahimtar lamarin.

Shari'ar Simpson ta zama darasi a makarantun horo ne domin bargon kaɗan ne daga abin da ya faru. Da asuba, masu bincike huɗu da suka riga suka shiga wurin kisan suka ɗunguma zuwa gidan Simpson, inda ɗayansu, Mark Fuhrman, ya ce ya tsinci safar hannu mai jini, 'yar'uwar wadda aka gani kusa da gawa. Ƙa'idar da duk manaja ke kiyayewa ita ce wanda ya taka wurin kisa ba ya zuwa gidan wanda ake zargi, don kada a ce shi ya yi dakon shaidar. Da aka ɗebi jinin Simpson a hedikwatar 'yan sanda, maimakon a shigar da kwalbar rajista nan take, Philip Vannatter ya riƙe ta sa'o'i, ya tuƙa mota da ita har gidan Simpson ya miƙa wa ma'aikacin kimiyya Dennis Fung. Ma'aikacin jinyar da ya ɗebi jinin ya ce kimanin mililita 8 ne. Lauyoyi suka yi lissafi suka ce wajen mililita 1.5 ya ɓace, suka tambayi inda ya shiga. Ɗigon jinin da aka kwasa daga ƙasa, yawancinsa wata sabuwar ma'aikaciya ce ta kwashe, aka zuba a leda da danshinsa, aka bar shi sa'o'i cikin mota a rana. Jinin da ke jikin ƙofar baya ta gidan kuwa sai ranar 3 ga Yuli aka ɗauke shi, mako uku bayan kisan.

Lauya Barry Scheck ya shafe kwanaki yana yi wa Fung tambayoyi a kan waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Bai tsaya musun ilimin gwajin ƙwayoyin halitta ba, shi kansa gwani ne a fannin. Hujjarsa ita ce sakamakon gwaji ba ya fin hannun da ya kwaso samfurin tsabta. A ranar 3 ga Oktoba, 1995, aka wanke Simpson. Ba sakaci kaɗai ya jawo haka ba: an saurari muryar Fuhrman a kaset yana kalaman ƙin baƙar fata, kuma birnin bai manta da dukan da 'yan sanda suka yi wa Rodney King a 1991 ba. Amma rashin yarda yana buƙatar ƙofar shiga, kuma masu binciken da kansu suka bar masa ƙofofi a buɗe. A 1997 wata kotun, a ƙarar neman diyya, ta ɗora wa Simpson alhakin mutuwar biyun, ta ce ya biya dala miliyan 33.5.

Wani lokaci ɓarnar takan faru tun kafin a isa wurin. 'Yan sandan Jamus sun yi shekaru suna farautar wata mata da ƙwayoyin halittarta suka bayyana a wuraren laifi kusan 40 a Jamus da Ostiriya da Faransa, daga fasa shago har kisan wata 'yar sanda a garin Heilbronn a 2007. A Maris 2009 aka gano cewa matar ma'aikaciya ce a kamfanin da ke haɗa tsinken audugar da ake shafo samfuri da shi. Wato har takardar odar kaya tana cikin aikin shugaba.

Hanyar kaiwa ga wannan kujera doguwa ce, kuma ba ta da ƙyalli. A Birtaniya da yawa daga masu binciken wurin laifi farar hula ne da rundunar 'yan sanda ke ɗauka aiki, wasu da digirin kimiyya, wasu da ƙwarewar ɗaukar hoto. Sabon shiga yana farawa da gidajen da aka fasa da motocin da aka sace, ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru, har hannunsa ya faɗa, kafin a soma tura shi wuraren kisa da gobara, kafin kuma a horar da shi jagorancin wasu. Daga nan aikin yakan sauya kama. Ya rage durƙuso, ya ƙara lissafi: wa zai kwana a wurin, wa ya ga gawar yara da yawa a watan nan har ya kamata a hutar da shi, yaushe za a sakar wa masu gida gidansu. Akwai kuma kuɗi. Tun da aka rufe hukumar gwamnati mai gwaje-gwajen shari'a a Ingila a 2012, kamfanoni masu zaman kansu ke yin yawancin gwajin, kowanne da farashinsa, sai a kwaso abu ɗari a ce a zaɓi kaɗan da za a aika. Ladan aikin ma yakan makara. An kashe matashi Stephen Lawrence a Landan a Afrilun 1993, ba a samu wasu da laifi ba sai a Janairun 2012, kuma cikin abin da ya kama ɗayansu har da ɗigon jinin da bai wuce rabin milimita ba a jikin wata riga da ta yi shekaru a ma'ajiya. Can ma lauyoyi sun ce gurɓata ce ta wurin ajiya, sai da aka bi tarihin ledar hannu zuwa hannu.

Mai son wannan aiki a ƙasarmu zai gamu da duk waɗannan, da ƙari. A unguwanninmu, kafin ɗan sanda ya iso, wurin ya cika. Mata sun share jini domin ba a barin ƙazanta a tsakar gida, wani ya ɗauki wuƙar ya nuna wa mai unguwa, dattawa sun rufe mamaci suna maganar wanka da likkafani, domin gaggauta jana'iza haƙƙinsa ne a kan masu rai. Babu mugu a cikinsu. Kowannensu bargon Tom Lange ne a hannunsa. Jami'in da ya zo da tsawa zai rasa wurin ya kuma rasa shaidu. Wanda ya san aikinsa yakan nemi liman da babban gida ya gaya musu adadin sa'o'in da yake buƙata da abin da zai yi a cikinsu: hotuna, tufafin mamaci, abin da ke ƙarƙashin faratansa, duban likita. Yakan kuma cika alƙawarin lokacin, domin gobe zai dawo wata unguwar da labarinsa ya riga shi isa. Muddin ba a samu irin waɗannan jami'ai ba, shari'a za ta ci gaba da rataya a kan takardar amsa laifi, wadda wanda ake tuhuma kan tashi a kotu ya ce da duka aka karɓa.

Kayan aiki sun soma samuwa. Gwamnatin Legas ta buɗe cibiyar gwajin ƙwayoyin halitta a 2017. Amma cibiya tana gwada abin da ya iso mata ne a yanayin da ya iso. A ranar 27 ga Yuli, 2006, aka iske gawar Funsho Williams, mai neman takarar gwamnan Legas a jam'iyyar PDP, a gidansa da ke rukunin gidajen Dolphin a Ikoyi. Lamarin ya girgiza ƙasa, har aka gayyato masu bincike daga Landan. Shekaru bayan haka, wani babban jami'in 'yan sanda mai kula da sashen kimiyya ya shaida wa kotu cewa samfuran da aka ɗiba daga jikin mamacin sun lalace a wurin ajiya saboda ɗaukewar wutar lantarki. A 2014 kotun ta sallami mutum shida da ake tuhuma.