Kwanar Gafan, Garin Da Tumatir Ya Haifa

'Yar uwa, in kin taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya lokacin sanyi, to kin wuce ta Kwanar Gafan ko da ba ki san sunanta ba. Wurin nan ne kusa da Kadawa, inda ake jibge kwandunan tumatir ja wur, manyan motoci sun yi layi.

Ba ta da ganuwa, ba ta da dogon tarihi irin na Rano. Asali kwana ce kawai, wadda ta ci sunan ƙauyen Gafan. Da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aikin da Gwamna Audu Bako ya ɗauko, sai aka jawo ruwa zuwa filayen Kura da Kadawa, jama'a suka duƙufa noman rani. Tumatir kuwa ba ya jira, dole a fito da shi bakin kwalta inda mota za ta kwasa zuwa Legas. Daga rumfa ɗaya sai biyu, sai mai shayi, sai mai faci, sai masallaci.

Ni dai abin da ke ɗaure mini kai, garin da kaka yake numfashi. Da rani ba masaka tsinke, damina na sauka sai rumfuna su yi wayam. A 2016 da tsutsa ta cinye gonakin tumatir, har tukunyarki ta ji a jikinta, balle su.

Kowa zancen dillalai da direbobi yake yi, amma wa ke ci da su? Matan ƙauyukan kewaye ne, suna cikin gida, tun asuba sun ɗora ɗanwake da shinkafa da wake, 'ya'yansu mata su ɗauko a ka. Wallahi na sha tsayawa a can ina kallon yarinya da ba ta wuce shekara 10 ba tana ratsa tsakanin tireloli da tire, ga baƙin maza ta ko'ina, a lokacin da sa'o'inta ke aji. Raina ba ya so. Amma na kasa zagin uwarta, don da wannan cinikin na wata uku ake tara kwanukan aure, a sayi magani, a yi ɗinkin salla. In ciniki ya ƙi, tumatir ya karye, su dai matan ne za su yanka shi su baza a rana ya zama kauɗar da ni da ke za mu nema da damina.