Araha Ba Ta Ado: Wani Malami Da Ajiyar Banki

A unguwar Jiddari Polo ta birnin Maiduguri akwai wani dattijo, malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda tafiya ta kama shi ba shiri a farkon shekarar 2024. Uwargidansa ta daɗe tana fama da ciwon ƙoda, cutar da ta addabi gidaje da yawa a ƙasar Barno, har likitoci suka ba da shawara a kai ta Alƙahira, aka ce su yi shirin zaman wata takwas ko fiye. Malam ya sayar da filin da ya saya tun yana aiki, dangi da tsofaffin ɗalibansa suka yi karo-karo, kuɗi suka haɗu. To, sai wata tambaya ta hana shi barci: ina za a ajiye wannan dukiya yadda za ta bi shi ƙasar mutane ba ta zube a hanya ba?

Mahaifinsa ya je Makka ta ƙasa, ya bi ta Fort Lamy, wadda aka sake wa suna Njamena a 1973, shekarar da Naira ta maye gurbin fam. Kuɗinsa a ɗinke suke cikin ɗamara, abin tsoronsa kuwa guda ne, watau ɗan fashi mai ido da hannu. Malam ya lura cewa matafiyin yau abin da ke cin guzurinsa ba ya tare hanya, a rubuce yake da ƙananan baƙaƙe a bayan takardar da mutum ya sa wa hannu bai karanta ba.

Wani ɗan ƙanwarsa ya zo da shawara, ya ce, "Kawu, ga asusun da ake buɗewa ta waya, kyauta ne, ba a cire ko kwabo." Malam ya yi murmushi, ya ɗauki littafinsa da alƙalami kamar mai shirya darasi, ya yi kwana huɗu yana zaga bankuna, domin matambayi ba ya ɓata.

Abin da ya fara ganowa shi ne, kuɗin hidimar da jama'a suka fi kuka da su tuni Babban Bankin Nijeriya ya yi musu iyaka. A jadawalin da ya fara aiki ran 1 ga Janairu, 2020, kula da katin Naira bai wuce Naira 50 duk wata uku ba, na katin kuɗin waje kuwa dala 10 ne a shekara. Ashe a nan bankuna ba su fi juna da wani abin kirki ba. Na biyu ya fi nauyi. Tun 2022 bankuna da yawa suka rage abin da katin Naira ke iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka dakatar da shi ɗungum. Asusun kyautar nan, komai kyaunsa a Kasuwar Monday, a Alƙahira ba zai sayi ko ƙwayar magani ba.

Har ila yau ga faɗuwar Naira. Kafin Babban Banki ya haɗe farashin canji a watan Yuni na 2023, dala ɗaya tana wajen Naira 460 a hukumance; zuwa Fabrairu na 2024 ta haura Naira 1,500. Wanda ya bar kuɗin asibiti cikin Naira a irin wannan lokaci ya ajiye ƙanƙara ne a rana. Saboda haka Malam ya yanke shawarar buɗe asusun kuɗin waje, irin wanda doka ta ba 'yan ƙasa izinin mallaka tun 1985, a zuba dalolin a ciki, a ba shi katin da ke aiki a ƙetare.

A banki na uku ya haɗu da wani ma'aikaci mai haƙuri, wanda ya jawo masa kujera ya ce, "Baba, ranka ya daɗe, kada ka tambaye ni nawa ne kuɗin kati. Tambaye ni nawa za a cire duk lokacin da ka zari kuɗi a na'ura a can, da kuma farashin da za a juya maka dala zuwa fam na Masar." Malam ya koma gida ya yi lissafi. Idan bambancin canji tsakanin banki da banki ya kai kashi 3 cikin 100, to, a kan dala 10,000 an yi asarar dala 300 ke nan, watau kuɗin kula da kati na shekara 30. Daga ranar ya daina duban abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe, ya zaɓi bankin da ya yarda ya rubuta masa la'adarsa dalla-dalla, ko da yake ba shi ne mafi araha a baki ba.

Hajiya daga kan gadonta ta sa sharaɗi guda, ta ce, "Malam, kada kuɗin maganina ya gauraya da kuɗin ruwa." Ya tabbatar mata cewa ya yi wannan tambaya tun da fari, asusun ajiya ce kawai, ba ya haihuwa.

Sauran aiki ya rage a gida. Ƙa'idar Babban Banki ita ce, asusun da mai shi ya shekara bai taɓa ba a ɗauke shi a matsayin mai barci, farkar da shi kuwa daga nesa wahala ce. Haka kuma layin wayar da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya karɓewa ya sayar wa wani, alhali ta nan banki ke aiko lambar sirri. Don haka Malam ya bar tsohon asusunsa na fansho a buɗe, ya sa sunan babbar 'yarsa a takarda don ta riƙa cire kuɗin cefane, ya kuma tafi da layinsa yana zuba masa kati a kai a kai.

Duk da wannan shiri, watan farko sai da ya sha darasi. Yakan zari kuɗi kaɗan-kaɗan don tsoron ɓarayi, bai ankara ba cewa kowace zara akwai la'ada biyu, ta mai na'ura da ta bankinsa. Bugu da ƙari, na'urar takan tambaye shi ko ta yi masa lissafi da dala, shi kuwa ya amsa, ashe farashinta ya fi tsada. Da ya duba takardar ƙarshen wata ya ga lalle da yayyafi kogi kan cika, sai ya koma biyan asibiti da kati kai tsaye, yana zarar kuɗin abinci sau biyu a wata, yana zaɓen fam na Masar.

Ran 10 ga Satumba, 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ambaliya ta mamaye Maiduguri. Ƙanen Malam da ke Gwange ya tsira da iyalinsa da tufafin jikinsu kawai. A daren nan, daga barandar asibiti, Malam ya tura masa kuɗi daga asusun fansho, lambar sirri ta shigo ta layin da bai bari ya mutu ba. Wannan tanadi bai ci masa kuɗin a zo a gani ba, amma a ranar ya fi masa kowane rangwame.

Sun dawo Jiddari Polo a farkon 2025, Hajiya da sauƙi, da ɗan abin da ya rage a asusu. A watan Yuli na shekarar wasu bankuna suka sake buɗe katin Naira ga masu sayayya a waje. Shi ya sa duk maƙwabcin da ya zo neman shawara Malam ba ya kama masa sunan banki, domin ƙa'ida tana sauyawa. Sai dai ya miƙa masa littafin nan, ya ce ya kwafi tambayoyin, ya je ya yi su da bakinsa. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su lafiya, amin.