Ranar da Lissafi Ya Isa Wurin Gini

Ɗalibin injiniyan gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, yakan shafe shekara uku yana ɗaukar zayyana tamkar jarrabawa: tambaya ɗaya, amsa ɗaya. Ba laifinsa ba ne, a haka aji ya raine shi.

Sai a aji huɗu shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta kafa a 1973, yake tura shi wurin gini na wata shida. Can zai tarar zane ya nemi rodi mai milimita 16, dillali kuwa mai 12 ya kawo, ga birkila na jira, ga mai gini na ƙorafin kuɗi. A ƙara yawan rodin, ko a dakatar da aiki? Injiniyan da ya sa hannu ne zai yanke, kuma ƙarƙashin wannan rufin kankare iyali za su kwana.