Mun Samu Magana Jari Ce Na Biyu



Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce littafi na ɗaya ya san yadda aku ya riƙa ɗauke hankalin Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon mugun Waziri. Mu 'yan aji biyu mun gama shi tun zangon da ya wuce, amma na biyu ya gagare mu, domin babu shi a ɗakin karatu. Sai muka yi karo-karo da kuɗin tara, aka sayo mana guda ɗaya a Gusau.

Littafi ɗaya, masu jira da yawa. Shi ya sa muka tsara layi: kowa kwana biyu. Wata 'yar ajinmu da iyayenta suka baro ƙauyensu a yankin Tsafe saboda 'yan bindiga, ita muka fara ba wa. Ta ce idan tana karanta wa ƙannenta da dare, sukan yi barci ba tare da firgita ba. Wani kuma ya tafi da shi Bunguɗu ranar Juma'a, ya dawo da shi Litinin bango na warin daddawa, wai kakarsa ce ta hana shi tashi sai ya kai ƙarshen labari.

A wannan littafin aku ya zama Waziri, kuma ya gamu da gamonsa: wani aku mai suna Haziƙ. Gasa suke yi, wannan ya kawo labari, wancan ya mayar da martani. Har yanzu muna gardama a kan wanda labaransa suka fi daɗi.

Wasu 'yan babban aji suna yi mana dariya, wai tsuntsu mai magana da labarin aljanu aikin yara ne, ba za su fito a jarrabawa ba. To, mu dai mun ga amfaninsa. Karatunmu na Hausa ya ƙara sauri, mun kuma tara karin magana cike da shafi uku. Ban da haka, wanda ya rubuta shi ba ƙaramin mutum ba ne. Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, shi ne ya rubuta Ruwan Bagaja, kuma shi ne editan farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ashe ma uba ne ga duk ɗan kulob ɗin jarida.

Yanzu saura na uku, inda aku ke koyar da ɗansa Fasih. Malamai da ɗalibai, duk mai shi a gida ya taimaka ya ara mana, za mu sa masa bango. Wanda kuma layi ya zo kansa, don Allah kada ya naɗe shafi ko ya yage hoto, akwai na bayansa.

Daga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare.