Daga Zangon Jugu Zuwa Tashar Paraku

Mun bar Jugu da sanyin safiya muka nufi Paraku, tafiyar kimanin kilomita 135. Hanyar da mota ta cinye kafin azahar, ita ce kakanninmu suke kwana da kwanaki a kanta suna kora jakuna. Duk wanda ya bi ta da idon basira zai gane cewa garuruwan nan biyu hanya ce ta raine su, kuma duk inda hanya ta karkata, can arziki yake bi.

A ƙarni na 19 Jugu babban zango ne na fataken Gwanja. Ayari yakan taso daga Kano ko Sakkwato ɗauke da kanwa, da turkuɗi, da jan fatu, madugu uban tafiya yana jagora. In sun iso kogin Kwara, wajen Illo ko Yawuri, sai su biya kuɗin fito a tsallakar da su da dabbobinsu, sannan su ratsa ƙasar Borgu har Jugu. A nan ake sauke kaya a unguwar Wangara, wurin 'yan kasuwa da malamai masu jin Dendi, daura da Kilir inda fadar sarki take. Bayan an huta sai a miƙe zuwa Salaga, a sayo goron Asante a juyo gida. Wani bafatake yakan ga wuri ya yi masa, ya yi aure ya zauna. Da yawa daga gidajenmu asalinsu ke nan.

Sai zamani ya juya. Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, goro kuma ya koma bin teku zuwa Ikko, daga bisani jirgin ƙasa ya riƙa kai shi Kano. Ayari ya yi ta raguwa har ya ɗauke.

Abin da Jugu ta rasa, Paraku ta samu ta wata fuska. Faransawa suka shimfiɗa dogo daga Kwatano, tsawon kilomita 438, ya iso Paraku a 1936, bai kuma wuce nan ba. Tsayawar nan tasa ita ta gina garin, domin duk kayan da za su Nijar dole a sauke su daga taragu a loda wa manyan motoci, su yi arewa ta Kandi zuwa Malanbil a bakin kogi. Can ma da jirgin fito ake haye wa zuwa Gaya, sai a 1958 aka gina gada. A shekarun 1950 gyaɗar Maraɗi ta nan take gangarowa zuwa teku, a 1959 kuma Dahome da Nijar suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta sufuri, wadda daga baya aka sani da OCBN. Direbobi, da 'yan dako, da makanikai, da masu sayar da abinci suka cika unguwar Zongo. Babbar kasuwar garin ma sunanta Arzeke, kalmar da kunnen Bahaushe ba ya bukatar tafinta a kanta.

Da muka isa tashar jirgin, shiru muka tarar a inda dā hayaniya ba ta barin mutum ya ji na kusa da shi. Jirgin fasinja ya daina zuwa tun shekarun 2000, kaya suka koma kan kwalta kai tsaye daga Kwatano. Burin kai dogo Yamai bai cika ba: tsakanin 2014 da 2016 an shimfiɗa kusan kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, amma ba a haɗa shi da na Paraku ba. Jugu kuwa ta sake farfaɗowa da mota, domin a cikinta hanyoyin Natitingu, da Kara ta Togo, da Sabalu, da Paraku suke haɗuwa.

Shekarar 2023 ta tuna mana yadda abincinmu ya rataya a kan hanya. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli aka rufe gadar Malanbil, ɗaruruwan motoci suka yi jerin gwano makonni, kaya suka lalace, magidanta da yawa a Paraku da Jugu suka rasa na cefane. Matafiya suka koma tsallake Kwara da kwale-kwale suna biyan kuɗin fito, tamkar fataken dā.

Da la'asar muka juyo Jugu, muna ta wuce motocin auduga a hanya. Jakuna sun wuce, jirgi ya yi shiru, kwalta ma ba ta da alkawari. Abin da ya riƙe gidajen kakanninmu bayan ayari ya ɗauke shi ne amana, da sanin harsunan maƙwabta, da karɓar baƙo hannu biyu. Wannan jari ne da rufe iyaka ba ya cinye shi, shi ya kamata mu damƙa wa 'ya'yanmu. Allah Ya ji ƙan magabata, Ya kai matafiya gida lafiya.