Asofeyeje: Saiwar Kurmi Mai Sauke Jini Da Ake Sayarwa A Kasuwar Bode

Duk wanda ya tashi daga Sabon Ibadan ya nufi Kasuwar Bode, hancinsa ne zai fara gaya masa ya iso. Rumfuna ne jere cike da sassaƙe, saiwoyi da busassun ganyaye, matan Yarbawa da ake kira elewe omo na zaune a tsakaninsu, kowace ta san kayanta kamar yunwar cikinta. Cikin ƙullin da suke miƙa wa mai kukan hawan jini ko rashin barci akwai saiwar asofeyeje.

Tsiron kurmi ne, shi ya sa mutanenmu ba su san shi sosai ba. Yana fitowa a bakin daji da tsofaffin gonaki, wani lokacin ya girma ya zama ƙaramar bishiya. Ganyensa kan kewaye reshe uku zuwa biyar a gaɓa ɗaya, 'ya'yansa ƙanana ne da ke yin ja idan sun nuna, tsuntsaye na son su. In ka karya reshen, farin ruwa zai fito kamar na tumfafiya, kuma dama danginsu ɗaya. Masana na kiransa Rauvolfia vomitoria, kalmar ƙarshen na nuni ne da amai.

Maganar gaskiya, matan ba ƙarya suke yi ba. Saiwar na ɗauke da sinadarin reserpine, wanda masu bincike a Suwizalan suka fara tacewa a 1952 daga wani ɗan'uwan tsiron na Indiya. An daɗe ana ba masu hawan jini da masu taɓin hankali shi a asibiti, kafin likitoci su ja baya saboda illolinsa: toshewar hanci, kasala, raguwar bugun zuciya, rawar hannu, tayar da gyambon ciki, da baƙin ciki mai tsanani ga wasu.

Inda gizo ke saƙar shi ne awo. Ƙwayar asibiti an san nauyinta, amma jiƙon da aka yi a kwalba babu mai iya cewa ga ƙarfinsa. Dattijon da ke shan ƙwayar hawan jini ya kuma ɗora jiƙon a kai, jininsa na iya sauka fiye da kima, jiri ya kayar da shi. Mai juna biyu da mai shayarwa kuwa su nisance shi gaba ɗaya. Wanda ya riga ya fara sha, ya ɗauki saiwar ya nuna wa likitansa.