Hotuna Uku Daga Cikin Na Bara

Al'ada ce ta masu ɗaukar hoto, idan shekara ta ƙare, mutum ya zauna ya baje abin da ya ɗauka, ya fid da 'yan kaɗan waɗanda suka fi kwanta masa a rai. A zamanin da ake aiki da fim, wanda ba ya wuce hoto 24 ko 36, mai hoto yakan yi zaɓensa tun kafin ya danna, domin kowace dannawa kuɗi ce, ga kuma ladan wanki. A yau kuwa, da kyamarar zamani da wayar hannu suka zo, mutum na iya ɗaukar ɗaruruwa a wuni guda, saboda haka wahalar zaɓe ta koma ƙarshe. Wanda duk bai kafa wa kansa ma'auni ba, to zaɓen tumun dare zai yi. Abin da nake so in bayyana wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai a wannan ɗan rubutu shi ne ma'aunin da na bi, da kuma hotuna ukun da suka tsira a hannuna.

Da farko dai ya kamata in ambaci wanda na ajiye gefe, alhali kuwa shi ne abokaina suka fi yabo. Hoton wani mahayi ne a Hawan Daushe a Zariya, ya ƙame doki yana jinjina, ƙura ta turnuƙe a bayansa. Ba shi da aibi ko ɗaya. Sai dai a inda na tsaya akwai masu hoto da yawa, kowa ya sami irinsa. Bugu da ƙari, hawa yana da masu kula da shi, tun da har hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024. Daga nan na tsai da ma'aunina, watau in tambayi kowane hoto: in babu kai, me za a rasa?

Na farko da ya amsa wannan tambaya shi ne na wani guntun ganuwar Kano, wajen Ƙofar Gadon Ƙaya. Na ɗauke shi da hunturu, da sassafe kafin hantsi, lokacin da hazo yake rage kaifin rana, haske kuma yake zuwa ta gefe, ya fito da kowace tsaga da ruwan sama ya yi wa ƙasar. Da tsakar rana ne, da sai a ga tudun jar ƙasa kurum. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara wannan gini, aka kuma faɗaɗa shi a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499). Amma a hoton ana ganin inda masu ɗibar ƙasa suka ƙwaƙule gindinta, ga kuma katangar bulo ta matso har tana neman jingina da ita. Mun dai ga yadda aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa hanya, aka gina sabuwa. Wanda bai riski tsohuwar ba, ba shi da inda zai gan ta sai a hoto.

Na biyu kuwa daga marinar Ƙofar Mata ya fito, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Hannayen wani dattijon marini ne kawai a ciki, shuni ya rine su har gwiwar hannu, yana ɗago ƙyalle daga ramin baba. Wanda ya san rini ya san cewa ƙyalle ba ya fitowa shuɗi. Da kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sa'an nan ya juye. Saboda haka ne marini yake tsomawa yana ɗagawa, sau da yawa, har launin ya kama. Na yi sa'a hoton ya kama wannan ɗan lokaci, saman ƙyallen ya riga ya yi shuɗi, ƙasansa yana nan kore. A bayan dattijon, ko da yake sun yi dishi-dishi, ana hangen ramukan da aka daina aiki da su, sun cika da shara. Kafin in ɗauka sai da na gaishe shi na nemi izni. Ya ce, "Ɗauki hannun, ɗana, shi ke aikin." Da na kai masa nasa, ya daɗe yana dubawa bai ce kome ba.

Na uku shi ne ya fi soyuwa a gare ni, kuma shi ne mai karatu ba zai taɓa gani ba. Hoton kan goggona ne, ranar da aka yi mata doka saboda bikin jikarta. Abin da ya ja hankalina ga wannan shi ne aikin J.D. 'Okhai Ojeikere (1930-2014), wanda tun daga 1968 ya duƙufa kan ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya, har ya tara kusan dubu, da yawa daga cikinsu ta baya ya ɗauka don kitson ya fito sosai. Ni ma ta bayan na ɗauka, a inuwar rumfa, inda rana ba za ta yi ƙyalli a kan man da aka shafa ba. Makitsiyar da ta yi aikin tsohuwa ce, 'yan matan gidanmu kuwa babu wadda ta iya doka. Goggo ta yarda ne bisa sharaɗi ɗaya. Ta ce, "Kai yaro, kan matar aure ba na kasuwa ba ne. Ka ajiye wa 'ya'yan gidan nan." Wani malamina da na ba shi labari ya yi kwaɗayin a buga shi tare da wannan rubutu, na ba shi haƙuri, ya kuwa fahimta. Hoton yana hannuna, amma amana ce, mai ita kuma ta riga ta faɗi iyakarta.

A taƙaice, hotunan nan uku babu wanda ya kai na mahayin ɗaukar ido, amma kowanne ya riƙe wani abu da ke shirin kuɓuce mana. Mu ɗaliban Hausa mun saba fita da rikoda muna naɗar waƙa da tatsuniya daga bakin tsofaffi, kuma kusan kowannenmu yana da kyamara a aljihunsa. Shawarata ita ce, duk wanda ya fita bincike ya ɗauki hoton sana'ar da ya tarar, bayan ya nemi izni, ya rubuta rana da wuri da sunan kayan aikin kamar yadda masu su suke kiransu. Wanda aka yarda a nuna, a ba sashe ya adana a ɗakin karatunsa. Wanda aka ce na gida ne, a bar shi a gida.